Awon zuciya ta hanyar murya: A bari ya nuna kafin a kasa shi a kasuwa

A ƴan watannin nan akwai wata tambaya da ta yi ta maimaituwa a filayen kiwon lafiya na gidajen rediyon karkara da wasu daga cikinmu ke aiki, kuma mafi yawan masu bugo waya su yi ta ƴan kasuwa ne, daga Ƙonni, Ɗan Isa, Magarya da sauran garuruwan bakin iyaka. Tambayar ita ce: wai shin da gaske ne an ƙera na'urar da mutum zai yi magana a cikinta, nan take ta gaya masa ko yana ɗauke da ciwon zuciya? Wasu tsoro ne ya sa su tambaya, domin da wuya a samu layin rumfunan da ba a taɓa wayar gari aka ji cewa Alhaji wane ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa ba. Wasu kuwa, da yake ɗan kasuwa ba ya rabo da lissafi, abin da suke son ji shi ne nawa ake sarinta a Dubai ko ƙasar Sin, da kuma ko ta riga ta sauka a Kano.

Dukansu sun cancanci amsa, kuma amsar wannan jarida ɗaya ce. Maganar tana da tushe, ba tatsuniya ba ce, akwai likitoci na ƙwarai da suka shafe shekaru suna bincike a kanta. Amma abin ɗanye ne, bai nuna ba, kuma ko su masu binciken ba su ce zai maye gurbin likita ba. Saboda haka duk wanda ya zo kasuwar Alhamis ta Maigatari ko ta Lahadi a Jibiya da wata ƴar akwati ko wayar salula, ya ce a yi magana a ciki a biya shi jika guda ya faɗi lafiyar zuciya, to, abin da yake sayarwa ba shi ne abin da likitocin nan suka bincika ba.

Cewa ciwon zuciya na iya taɓa murya ba sabon ilimi ba ne. Tun a shekarar 1897 wani likita ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Norbert Ortner ya bayyana yadda murya ke dishewa ga wasu masu ciwon ƙofar zuciya. Dalili kuwa shi ne, jijiyar da ke motsa maƙogwaro ta ɓangaren hagu ba kai tsaye take tafiya ba. Sai ta gangaro daga wuya zuwa cikin ƙirji, ta zagaya ƙarƙashin babbar hanyar jinin da ke fita daga zuciya, sannan ta sake hawowa. Idan wani sashe na zuciya ya buɗe ya yi girma har ya danne ta a hanya, sai murya ta shaƙe. Kazalika idan zuciya ta gaza tura jini yadda ya kamata, ruwa kan taru a huhu da sauran sassan jiki, numfashi ya gajarta, mai magana ya dinga yanke zance yana hutawa. Mu da ke aikin rediyo ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan cewa murya tana tona asirin jiki, domin mai haɗa sauti yakan gane cewa mai gabatarwa bai yi barci ba tun kafin ya gama sallama. Abin da masu binciken ke nema shi ne su koya wa kwamfuta ta ji ƙananan sauye-sauyen da suka fi ƙarfin kunnen ɗan Adam, irin kaɗawar sauti da ƙarfinsa da hawa da saukarsa, ta kwatanta su da na dubban mutanen da aka riga aka san halin da zuciyarsu ke ciki.

Binciken da ya fi yin suna a wannan fanni shi ne na asibitin Mayo da ke Amurka. A shekarar 2018 likitocinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi kan mutane 138 tare da wani kamfanin Isra'ila mai suna Beyond Verbal, inda suka ce sun ga alaƙa tsakanin wasu siffofin murya da toshewar jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini. A 2022 kuma suka sake fitowa da wani, wannan karon da manhajar kamfanin Vocalis Health. Sun ɗauki mutane 108, kowane ya yi magana sau uku ta daƙiƙa 30 a wayar salula: ya karanta wani rubutu, ya ba da labarin wani abin farin ciki da ya same shi, sannan ya ba da labarin wani abin ɓacin rai. Manhajar ta ba kowa maki, aka kuma bibiye su har kimanin shekara biyu. Daga cikin waɗanda suka samu maki mai yawa, kashi 58 cikin ɗari sun koma asibiti da ciwon ƙirji ko matsalar jijiyoyin zuciya. Daga cikin masu ƙaramin maki kuwa, kusan kashi 31 cikin ɗari ne suka koma.

Babu shakka wannan bambanci ne da ya isa ya sa likita ya ɗaga kai. Amma muna roƙon mai karatu ya ɗora alƙaluman a kan ma'aunin da ya saba da shi. Cikin mutum goma da na'urar ta ce suna cikin haɗari, kimanin huɗu babu abin da ya mayar da su asibiti a tsawon lokacin. Cikin goman da ta ce haɗarinsu kaɗan ne, uku sun koma da ciwo. Da a ce tiyar awon gero ce take cika wani lokaci ta rage wani lokaci har haka, da sarkin kasuwa bai bari ta kwana a rumfa ba. Ga masu bincike wannan mafari ne mai kyau, abin da za a ɗora a kai. Ga mutum guda da ke tsaye yana jiran a ce masa yana da ciwo ko ba shi da shi, bai kai hukunci ba. Bugu da ƙari, waɗannan mutane 108 ba a kan hanya aka tsinto su ba. Dukansu mutane ne da likitoci suka riga suka yi zargin suna da matsala, har aka tura su ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya, wanda ake yi ta hanyar zura siririn bututu a cikin hanyar jini. Abin da ya yi aiki a kan irin waɗannan ba dole ne ya yi aiki a kan mai sayar da albasa da ya taso daga Galmi lafiyarsa ƙalau ba.

Akwai wani reshe na binciken da muke ganin ya fi kusa da buƙatarmu, wato na masu gazawar zuciya, ciwon nan mai kawo kumburin ƙafa da haki. Wani kamfanin Isra'ila mai suna Cordio Medical ya ƙera manhaja mai suna HearO, kuma a watan Nuwamba na 2023, a taron ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka, Dokta William Abraham na Jami'ar Jihar Ohayo ya gabatar da sakamakon gwajinta a kan mutane 416 a Isra'ila. Kowane mara lafiya yana faɗin jimloli biyar a wayarsa kullum. A zagayen tabbatarwa, manhajar ta hango kashi 71 cikin ɗari na tashin ciwon kimanin mako uku kafin a kai ga asibiti, ko da yake takan yi ƙararrawar banza kusan sau uku a shekara ga kowane mutum. Mako uku ba wasa ba ne. Ya isa likita ya gyara magani, ruwa ya sauka, a kauce wa kwanciya.

To, amma a nan gizo ke saƙa. Wannan manhaja ba gano ciwo take yi ga wanda ba a sani ba. An riga an san mutumin yana da ciwon, yana hannun likita, an ɗauki muryarsa lokacin da jikinsa ya daidaita, sannan kullum ake kwatanta muryarsa ta yau da tasa ta wancan lokaci. Muryar mutum ake gwadawa da muryar kansa. Idan ƙararrawa ta kaɗa kuma, akwai ma'aikacin lafiya a ɗaya ɓangaren da zai kira shi. Wanda ya tare ka a bakin tasha ya ce ka yi magana sau ɗaya, da wace muryar taka zai kwatanta, kuma wa zai neme ka gobe?

Sai batun harshe, wanda shi ne ya fi damun mu. Mutanen asibitin Mayo da Ingilishi suka yi magana, manhajar kuwa da muryoyin da aka tara a Isra'ila aka horar da ita. Na gwajin HearO sun yi magana da Ibrananci, Larabci, Rashanci ko Ingilishi. Babu Hausa a ciki, babu Zabarmanci, babu Fulatanci ko Barbarci. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya a cikinta ma'ana ce. Kukan yaro da kukar miya harufansu ɗaya ne, saukar murya a gaɓar ƙarshe ce ta raba su. Muna da baƙaƙe irin ɓ da ɗ da ƙ waɗanda maƙogwaro ke da hannu wajen furta su, abin da babu shi a Ingilishi. Na'urar da aikinta shi ne auna hawa da saukar sauti da motsin maƙogwaro, idan ba a gwada ta da bakin Bahaushe ba, babu mai ikon rantsuwa cewa ba za ta ɗauki karin harshenmu a matsayin alamar ciwo ba, ko ta kasa jin ciwon saboda ya ɓuya a cikin karin. Su kansu likitocin Mayo sun ce ana buƙatar ƙarin bincike a wasu ƙasashe da wasu harsuna kafin a ce sakamakon ya game kowa.

Ko da an warware batun harshe, kasuwa ba ɗakin awo ba ce. A gidan rediyo sai mun rufe ƙofa, mun lulluɓe bango, mun kashe fanka kafin mu samu sauti mai tsabta, kuma duk da haka abin magana ɗaya ya bambanta da wani. Ina ga tsakiyar kara, ga kukan shanu, ga injin markaɗe, ga janareta, ga lasifikar mai tallan magani? Shi kansa ɗan kasuwar, tun asuba yake ciniki da ƙarfi, ya shaƙi ƙurar hunturu, ya ci goro, wataƙila yana mura, wataƙila yana azumi maƙogwaro ya bushe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sauya murya ba tare da zuciya ta san an yi ba.

Haka nan ya kamata a san cewa ciwon zuciya suna ne da ya tara cututtuka da yawa, kuma wanda ya fi yawa a Amurka ba shi ne ya fi yawa a wajenmu ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2012 ya duba mutane 1,006 da aka kwantar da gazawar zuciya a ƙasashen Afirka 9, cikinsu har da Najeriya, Kamaru, Sudan da Senigal. Hawan jini ne sanadi ga kashi 45 cikin ɗari. Lalacewar ƙofofin zuciya, wadda kan samo asali daga ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba, ta ɗauki kashi 14. Toshewar jijiyoyin zuciya, wadda binciken Mayo ya sa gaba, ba ta kai kashi 8 ba. Matsakaicin shekarun marasa lafiyar kuwa 52 ne, wato shekarun da mutum ke tsakiyar ƙarfinsa, yana da yara a makaranta, yana da kaya a hanya, yana da bashin mutane a kansa. Gaskiya ne toshewar jijiyoyi tana ƙaruwa a birane yayin da cimarmu da zamanmu ke sauyawa, amma har yanzu babban ɓarawon da ke shiga gidajenmu hawan jini ne.

Akwai kuma wani nau'in da ya shafi iyalanmu kai tsaye, wato gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. Likitocin Zariya sun ba da labarinsa tun shekarun 1970, an yi bincike a kansa a Yamai, kuma binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa a Kano yakan kai mace 1 cikin kusan haihuwa 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Mai jego ta kumbura, ta kasa kwanciya sai a zaune, ana cewa jego ne, ana cewa iska ce, har lokaci ya ƙure. Idan akwai wadda manhaja irin HearO za ta yi wa rana wata rana, to ita ce wannan baiwar Allah da ke ƙauye mai nisa da gidan likita amma akwai salula a gidan. Shi ya sa ba mu cikin masu cewa a yi watsi da binciken. Abin da muke cewa shi ne a yi shi da mu, a harshenmu, a kan ciwon da ke kashe mu.

Dalilin da ya sa muka ɗaga murya tun yanzu shi ne mun ga abin da ya faru a baya. Wa ya manta da na'urar nan da aka yi ta yawo da ita a kasuwanni da tashoshin mota da harabar ma'aikatu, wadda mutum zai riƙe wani ɗan ƙarfe a tafin hannu na minti ɗaya, kwamfuta ta fito da takardu masu launi da ke cewa hantarsa ta gaji, ƙodarsa ta yi rauni, jininsa ya yi kauri? Babu wani ilimin likitanci da ya tabbatar da ita. Kuma kullum ƙarshen awon ɗaya ne: a buɗe jaka a fito da kwalaben ƙarin kuzari masu tsada, waɗanda aka ce su kaɗai ne maganin abin da na'urar ta gani. Mutanen da suka yi wannan sana'a ba su tafi ko'ina ba. Ranar da suka ji cewa wani babban asibitin Amurka ya yi magana a kan murya da zuciya, ranar za su sauya ɗan ƙarfen da abin magana, su liƙa sunan asibitin a jikin allo. Wannan karon ma ba sai sun sayi akwati ba, waya ta ishe su.

Ɓarnar kuwa ta fuska biyu ce. Wanda aka ce masa zuciyarsa ta lalace alhali lafiyarsa lau, zai kwana bai yi barci ba, ya ɗebi jarinsa ya zuba a maganin da ba ya buƙata. Wannan asarar dukiya ce, ana iya mayar da ita. Wanda ya fi ban tausayi shi ne mai hawan jini na gaske da aka ce masa muryarsa ta nuna zuciyarsa garau take. Zai koma gida da murna, ya ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta masa, tunda dama ya gaji da sha kullum. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Sai bayan wata shida ko shekara a ji ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙoda ta tsaya, shago ya koma hannun yaran da ba su san inda takardun bashi suke ba. Mai na'urar a lokacin yana wata kasuwar, wataƙila ma a ɗaya ɓangaren iyaka, inda babu mai tambayarsa.

A nan ne muke so mu yi magana da ƴan kasuwa a matsayinsu na masu shigo da kaya. Kusan duk abin da ya shiga ƙauyukan yankin nan, daga batir zuwa maganin ciwon kai, ta hannunku ya bi. Wannan daraja ce, kuma nauyi ne. Mun san halin da ake ciki. Rufe iyakar Najeriya daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, da faɗuwar darajar naira, sun karya jarin mutane da yawa, kuma wanda ya sha irin wannan wuya ba a ganin laifinsa idan ya hango sabuwar haja mai riba. Amma na'urar awon lafiya ba kamar tocila ba ce, da idan ta ƙi kamawa za a dawo da ita a canza. Nijar ta ɗanɗana kuɗar kayan lafiya na jabu a 1995, lokacin da aka yi wa dubban mutane allurar rigakafin sanƙarau ta ƙarya ana tsakiyar annoba. Duk wanda aka kawo wa tallan irin wannan na'ura ko manhaja, ya tambayi takardar amincewar ma'aikatar kiwon lafiya, ko ta hukumar NAFDAC idan daga Najeriya ta fito, ya kuma tambaya a wane asibiti aka gwada ta da masu jin Hausa. Idan dillali ya fara kame-kame, ciniki ya ƙare.

Wani abin da ba a cika tunawa ba shi ne ita kanta muryar. Manhajojin nan galibi ba a cikin wayar suke yin lissafin ba, tura sautin suke yi ta intanet zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. A hannun asibiti mai bin doka, akwai yarjejeniya da ƙa'ida. A hannun wanda ba a san shi ba, an ba shi murya da suna da lambar waya a lokaci guda. A zamanin da ake iya kwaikwayon muryar mutum da kwamfuta daga ɗan gajeren sauti, ɗan kasuwar da rabin cinikinsa da saƙon murya na WhatsApp yake yin sa, yana cewa a ba wane kaya, a tura wa wane kuɗi, ya fi kowa sanin abin da hakan ke nufi.

To, mai tsoron zuciyarsa fa, me zai yi? Na'urar da ta dace da shi ta daɗe da zuwa, tana nan a kowane gidan likita da mafi yawan shagunan magani, wato abin awon hawan jini da ake ɗaurawa a damtse, wanda a nan muka fi sani da awon tansiyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da hanyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Awon ba ya cin minti biyar. Mutum ya zauna ya huta, a auna. Idan ya kai 140 bisa 90, abin da ma'aikatan lafiyarmu ke kira 14 bisa 9, kuma aka sake samun haka a wata rana dabam, to hawan jini ne, sai a ga likita. Maganinsa yana cikin masu araha, illa dai ana shan sa ne kullum, ba a dainawa don an ji sauƙi. Gishiri kuma hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen miya da yajin tsire da na kilishi. Masu haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan talla kullum don su iya tsayuwar kasuwa su sani cewa wasunsu, irin su diklofenak, suna ƙara hawan jini suna kuma taɓa ƙoda.

Akwai kuma alamomin da ba a jiran wata na'ura a kansu. Nauyi ko matsi a ƙirji da ke bi ta hannun hagu ko muƙamuƙi tare da zufa, haki idan an kwanta har sai an tashi zaune, kumburin ƙafafu biyu, karkacewar baki ko mutuwar hannu farat ɗaya, duk waɗannan na asibiti ne a wannan sa'a, ko da ranar kasuwa ce, ko da mota na jiran lodi. Muryar da ta dishe ta wuce mako uku ba mura ba tari ita ma a kai ta wurin likita, ya duba da idonsa.

Muna kira ga jami'o'inmu da asibitocin koyarwa, daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da na Maraɗi da Damagaram, har zuwa asibitin Malam Aminu Kano da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da kada su jira a gama ƙera abin a wani wuri sannan a kawo mana. Marasa lafiyar suna hannunsu, harshen nasu ne, kuma ciwon bai san iyaka ba. Bincike na haɗin gwiwa a kan muryoyin masu jego da masu hawan jini, da izinin marasa lafiyar da kuma kiyaye sirrinsu, abu ne da za a iya nema wa tallafi. Hukumomin lafiya na ƙasashen biyu su kuma su fito da matsayi a fili tun kafin hajar ta cika kasuwa, su sanar da jami'an duwan da kwastan abin da za su nema a hannun mai shigo da ita.

Kira na ƙarshe kuma mafi sauƙin cikawa na shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa ne da sarakunan kasuwa. Abin awon hawan jini mai inganci kuɗinsa bai wuce na buhun shinkafa ɗaya ko biyu ba, abin da kuɗin ƙungiya na mako guda zai iya saye. A nemi shugaban gidan likita mafi kusa ya ba da ma'aikaci guda a ranar kasuwa, a ba shi tebur da kujera biyu a inuwa kusa da masallaci, da littafin da zai rubuta awon kowa don a kwatanta da na mako mai zuwa, a kuma ware sa'o'in da mata za su zo ba tare da cunkoso ba. Wanda awonsa ya hau a ba shi takarda zuwa asibiti, kada a sayar masa da komai a wurin. Kasuwar da ta shirya yin haka ta aiko mana da rana da wuri, za mu buga a wannan shafi, mu kuma miƙa wa abokan aikinmu na rediyo su sanar.